Tudun da Na Gina Cikin Lambatun Kokoro

Alhaji Gambo Mai-Kwano ya cuce ni sau biyu. Ya sa an matsar da layin lambatu ya hau kan kabarin mahaifiyarku, alhali ya san tana wurin, don da hannunsa ya miƙo likkafanin da aka naɗe ta da shi. Bayan haka ya tsaya gaban mutanen Kokoro ya ce ni jahili ne, ban san aikina ba. Wannan shi ne nasa. Nawa kuma yana tafe, kuma nawan ya fi nasa nauyi a wuyana. Shi ya sa na sayi wannan littafi na zauna ina rubutu da hannun da ya saba da cokalin gini, ba alƙalami ba. Sadiya, ke za ki karanta wa ƙannenki, don Bashir da Auwal Hausarsu ta baki ce kawai, ita ma rabinta Sango ne, yaren garin nan. Kada ki gyara mini komai, kada ki tsallake inda ya yi ɗaci. Na ji labari Bashir ya fasa wa wani baki a tasha don ya kira shi ɗan Haladu Tudu. To, ya daina faɗa a kan wannan suna. Tudun nan ni na gina shi, da gangan, ina cikin hankalina.

Kun san gidanmu a kwari yake. Duk ruwan da ya sauko daga babban titi da wanda ya wanko kasuwa, sai ya biyo lungunmu ya shigo gaishe mu. Damina a Bangui kuwa in ta zo ba ta san sallama ba. Hadari na haɗowa mahaifiyarku Hajara za ta fara ɗora kaya kan gado: buhun garin rogo, akwatin tufafi, tabarmi, har ku kanku kuna ƙanana. In ruwa ya ɗauke sai ta ɗaure zani ta ɗauki kwano tana kwarfa tana yi mini tsiya.

"Na auri magini, ga ni ina kwana a kogi. Alhazai ka ɗaga musu dakali har gwiwa, naka gidan kuwa kwaɗi ke karɓar baƙi."

"Ki yi haƙuri, baɗi zan ɗaga shi."

"Baɗin nan naka tun ina goyon Sadiya nake jin labarinsa. Allah ya nuna mini shi kafin haƙorana su zube."

Baɗin bai zo ba. Shekarar da gari ya rikice aka rufe mu cikin Kilomita Biyar, yankin Musulmi da Kokoro ke ciki, kamar awaki a garke, na sa ku a babbar mota tare da gwaggonku zuwa Kamaru. Hajara ta ƙi hawa. Ƙafafunta a kumbure, hawan jini ya sa ta gaba, ta ce kwana uku a bayan mota zai kashe ta kafin masu adduna su kai gare ta. Ta ƙara da cewa in ta tafi wa zai kwarfe mini ruwa. Ta rasu cikin daminar nan, da hantsi, ina riƙe da kofin da ta roƙa. Asibiti yana can bayan shinge, ba hanya. Maƙabarta ma haka. A lokacin duk wanda ya ɗauki makara ya fita daga unguwa, to shi ma a tanadar masa tasa. Don haka mutane suka koma binne mamatansu a gida, a bayan ɗaki, a gindin mangwaro, duk inda ƙasa ta samu.

Mu biyar muka yi mata sutura: ni, da Liman, da Alhaji Gambo wanda siton kwanon rufinsa ke fuskantar katangarmu ta baya, da maƙwabta biyu da daga baya suka tafi Cadi ba su dawo ba. Goggo Marka, tsohuwar nan ta gidan da ke sama da namu, ita ta yi mata wanka. A jikin katangar baya muka haƙa, ta ciki. Muna kaiwa ƙugu ruwa ya fara tsattsafowa, Liman ya ce a tsaya haka nan. Babu itace, sai na ɓalle ƙyauren kicin na tsattsaga, da shi muka rufe ta. Da kika kira ni a waya, Sadiya, kina kuka kina tambaya ko an samu an kai ta maƙabarta, na ce an kai ta. Ƙaryata ta farko ke nan, ita ce kuma ta haifi sauran.

Ku fahimci wani abu game da mutanenmu. Kaburburan cikin gida ba a zancensu. Kowa ya san gidan wane akwai, gidan wance akwai biyu, amma ko a zaman makoki ba wanda zai buɗe baki. Wasu na tsoron hukuma ta ce filin ya zama maƙabarta ta karɓe. Wasu na tsoron in rana ta ɓaci suka so sayar da gida su gudu, ba mai saye. Wasu kuwa ciwon ne kawai, mutum ya kasa kai uwarsa inda ake kai Musulmi, ya turbuɗe ta kusa da masai. Haka muka zauna, kowa na zagaye wani wuri a tsakar gidansa ba ya takawa, baƙo bai san dalili ba.

Da abubuwa suka ɗan lafa sai ga labarin aikin ruwa. An ce manyan masu ba da tallafi na waje sun ware kuɗi don garuruwan da ke bakin kogi, namu da na ƙasashen maƙwabta, a gina magudanan ruwa a daina ambaliya. A cikin rabon Bangui an sa Kokoro, za a ja babban lambatu, wanda muke ce wa kanibo, daga wajen kasuwa ya bi ta lungunmu ya faɗa rafi. Za a ɗauki mutanen unguwa aiki. Aka kafa kwamiti, Alhaji Gambo ne shugaba, don shi ke jin Faransanci sosai, shi ke zuwa taro a cikin gari. Ni a lokacin na fi shekara biyu ban ɗora bulo kan bulo ba. Wa zai yi gini a garin da ake ƙonawa? Goggo Marka ce ke aiko mini da tuwon rogo da miyar ganye, ni ƙato da ni. Ku kuma kuna sansanin 'yan gudun hijira, ina so in dawo da ku ba ni da abin mota.

Wata rana bayan La'asar Alhaji ya tsayar da masu gidajen da layin zai bi, a ƙofar ƙaramin masallacinmu.

"Jama'a, kuɗin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Tukunya ɗaya aka ɗora wa garuruwa da yawa, wanda ya miƙa kwanonsa da wuri shi ake zuba wa. Gobe za a zo da takarda gida gida. Mutanen nan in suka ji kalmar kabari sai su naɗe takardunsu su ce sai an yi bincike. Kafin a gama binciken damina ta faɗi, kuɗi ya koma wani gari. Samarinmu da suka ajiye bindiga za su ɗauki shebur, me kuke so su koma ɗauka? Don haka in an tambaye ku rijiya, ku faɗa. Masai, ku faɗa. Bishiya, ku faɗa. Ɗayan kuwa, babu."

Da aka watse na bi shi.

"Alhaji, ka san Hajara tana jikin katangar nan."

"Haba Haladu, ni za ka tuna wa? Ba ni na kawo farin ƙyalle ba? Na ga zanen da idona, layi ta gefena zai bi. Barandar sitona ce za ta tafi, na kuma haƙura saboda unguwa. Wallahi ko ƙurar aikin ba za ta taɓa katangarka ba. Kuma na riga na ba da sunanka, kai ne shef, shugaban ma'aikata na wannan yanki. Wa muke da shi da ya fi ka?"

Na ji daɗin maganar nan ta ƙarshe, ba zan ɓoye muku ba. Na koma gida ina lissafin ranar da zan je Kamaru in ɗauko ku.

Washegari injiniyar aikin ta zo. Mace ce, ba ta wuce sa'ar Sadiya da yawa ba, Kirista daga can wata unguwa, da hular kwano da takalmin roba. A wancan lokaci shigowar irinta Kilomita Biyar ba ƙaramar zuciya ba ce. Ta zauna kan turmi a tsakar gidanmu, taku huɗu daga inda mahaifiyarku take, tana tambayata da Sango. Rijiya? Akwai. Masai? Akwai. Bishiya? Gwanda biyu. Sai ta ɗago kai.

"Kabari fa, Baba? Na san abin da ya faru a nan. Mu ma a wajenmu an yi haka. Ba laifi ba ne, ba wanda zai taɓa maka gida."

Na dubi takalminta na ce babu. Ta miƙo takardar, duk Faransanci ne ƙanana ƙanana, ni kuwa aji huɗu na bar makaranta. Na rubuta sunana a inda ta nuna.

Bayan kwana goma na fito da safe na tarar an kafa turakun awo masu jan kai, an ja igiya. Igiyar ba ta bi ta barandar Alhaji ba. Ta tsallaka katangata ta cinye wajen kamu uku na tsakar gidana, tiryan ta kan Hajara. Na ruga sito ko hula babu.

"Injiniyoyi ne suka sake shawara," in ji shi, yana juya cokali a kofin shayi. "Sun ce gefenka ya fi sauƙi, katangar laka ce, za a biya ka ka tayar da ta bulo. Ni me zan ce musu? In ce akwai abin da mai gida ya sa hannu ya ce babu?"

"Alhaji, ka rantse mini."

"Na rantse a kan abin da na sani a lokacin. Yanzu in ka je ka buɗe baki, za su ce duk Kokoro maƙaryata ne, su tsayar da aiki. Sai ka je da kanka ka gaya wa samarin nan kai ka hana su albashi. Ka san su, ka san abin da ke ƙarƙashin katifunsu."

Ga inda nake so ku tsaya ku dube ni da kyau. Gidan Liman taku hamsin ne daga nan. Shari'a ba ta hana a ɗauke mamaci a sake masa wuri in lalura ta kama ba, na sani, na sha ji a karatu. Hanyar maƙabarta ma an buɗe ta a lokacin, ana zuwa da rakiyar sojoji. Ban je ba. Na ji tsoron samarin, gaskiya ne. Na ji tsoron a ƙwace shef ɗin a ba wani, wannan ma gaskiya ne. Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne in tsaya gaban yarinyar nan da ta ce mini Baba in ce mata na yi ƙarya, sannan labari ya kai muku cewa uwarku ba ta taɓa zuwa maƙabarta ba. Na ce wa kaina ni magini ne, zan san dabara.

Aka rushe katanga, haƙa ta iso gidana. Na ce wa leburori su tsallake nan su ci gaba, cikin gidana ne, ni zan yi da hannuna. A makon nan an yi harbe-harbe a wajen gada, injiniya ba ta samu shigowa ba. Ranar Juma'a aka tashi aiki da wuri, kowa ya tafi wanka zai wuce Masallacin Koudoukou, lungu ya yi tsit. Na ɗauki shebur na shiga rami. Ina haƙa a hankali, kamar mai tonon dankali, har bakin shebur ya daki katako. Na san ƙarar. Ƙyauren kicin ne. Zurfin da zane ya ce a kai saura taƙi ɗaya da 'yan yatsu, wato dole a cire katakon da abin da ke ƙarƙashinsa. Na zauna a gefen ramin, daga nesa ina jin huɗuba a lasifika. Ban yi kuka ba, ban yi mata addu'a ba, don ban ga bakin da zan yi da shi ba. Na tashi na mayar da ƙasa kan katakon, na jera jan dutse, na daddaɓe, na kwaɓa siminti na shafe. Ana sallame sallar Juma'a ina lailaye shi da cokali. Tun da na balaga ban taɓa barin Juma'a da lafiyata ba sai ranar.

Da safe na ja igiyar awo da kaina yadda za ta hau a hankali ta sauka a hankali, ido ba zai kama ba. Wani dattijo ɗan Cadi cikin leburori ya tsuguna ya kanne ido ɗaya ya duba.

"Shef, nan kamar ya hau."

"Kai ne shef ko ni?"

"Kai ne."

"To zuba kankare."

Aka zuba, aka tayar da bango biyu, aka rufe da manyan marafan kankare. Ni da na shekara ashirin da wani abu ina gini na san ruwa ba ya hawa tudu don kunyar kowa. Na sani sarai. Na ce wataƙila ƙarfinsa zai tura shi ya wuce. Aka yi bikin buɗewa, manya suka zo da farar mota, Alhaji ya yi jawabi da babbar riga, aka tafa. Ni kuma kowace safiya in na ji matan da ke sama da mu sun zubo ruwan wanke-wanke da na wankin yara, na san ta kan wa yake bi.

Ruwan farko da na biyu suka wuce lafiya, har na fara sakin jiki. Na uku ya zo da azahar, irin wanda ke sa rana ta koma magariba. Ya kwaso ledoji da robobi da ɓawon rake na kasuwa gaba ɗaya, suka zo tudun nan suka tsaya. Kafin a yi haka lambatu ya toshe, ruwa ya ja da baya ya ɓullo ta tsakanin marafan yana tafasa. Da can ruwa gidana yake sauka. Yanzu da aka tattaro na unguwa duka aka haɗa masa hanya ɗaya, sai ya afka gidajen da ke sama da ni, waɗanda ba su taɓa sanin ambaliya ba. Ɗakin Goggo Marka na laka ne. Tana ciki tana ƙoƙarin ɗaga buhun gyaɗar da take sayarwa bango ya zauna mata a kai. Ni na ciro ta. Ƙugunta ya karye, ba ta sake tafiya da ƙafarta ba har ta koma ga Allah.

Kwana biyu bayan haka injiniya ta sa aka ɗaga marafan, ta kafa na'urar awonta, jama'a sun yi dafifi. Ta auna ta sake aunawa. Ta ce a nan gindin lambatu ya ɗaga, shi ya tare ruwa. Kafin ta rufe baki Alhaji Gambo ya ɗaga hannu.

"Jama'a, laifina ne, na karɓa. Tausayi ne ya ja mini. Na ga mutum ba shi da aiki, matarsa ta rasu, na ce a taimaka masa. Ashe ginin kicin da masai daban, aikin injiniya daban. Wanda bai gama firamare ba ina zai karanta awo? An ce ka yi wa ruwa hanya, ka gina masa tudu!"

Wani daga baya ya ce, "Haladu Tudu!" Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da kayansu ke shanye a rana. Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Baba, na auna aikinka tun daga kasuwa har rafi, ko yatsa ɗaya bai kauce ba. Mai wannan hannun ba ya kuskure a taku uku. Me ke ƙarƙashin nan?"

Na ce babu komai, kuskure ne. Sau biyu ke nan ina yi mata ƙarya. Ta dube ni ta ce to, ranar Litinin za a kawo injin fasa kankare.

Da yamma na shiga duba Goggo Marka. An kwantar da ita a ɗakin jikarta, an ɗaure ta da karare. Na tsuguna na ce Goggo, sannu, ki yafe mini, kuskuren awo ne.

"Rufe mini baki, Haladu. Ni za ka yi wa kuskuren awo? Wa ya wanke Hajara? Ranar Juma'ar nan ina kallonka ta hudar darni, tun daga shebur na farko har ka wanke cokalinka."

"Me ya sa ba ki yi magana ba, Goggo?"

"Matar wa? Mai mata yana tsaye da gemunsa, ni tsohuwa zan riga shi? Kullum ina cewa yau zai je wurin Liman, gobe zai je. Ina aiko maka da tuwo ina cewa in ya ƙoshi zuciyarsa za ta dawo. Ƙuguna ba komai, na ci zamanina. Amma ranar Litinin ƙarfe zai shiga jikin yarinyar nan. In ka bari haka ta faru, kada ka zo jana'izata."

Maganar tsohuwar nan ce ta tashe ni, ba imanina ba, ba kuma son da nake wa mahaifiyarku ba. Ku rubuta wannan a ranku. Da safe na je na sami injiniya a rumfar ma'aikata na faɗa mata komai, ina kallon ƙasa. Sannan ta buɗe jaka ta ciro irin takardar da na sa wa hannu, ta ɗora yatsa a wani layi ta fassara mini. An rubuta cewa in akwai kabari, a bar layi inda ba zai taɓa shi ba. In kuma ba yadda za a yi, akwai kuɗin da aka ware tun farko don a ɗauke mamaci da mutunci, da malaminsa da motarsa. Ba maganar tsayar da aiki, ba maganar mayar da kuɗi wani gari. Ta ce an karanta wa 'yan kwamiti wannan a taro, shugabansu yana zaune a gaba.

"Shi ne ya zo ofis ya ce a duba gefenka, tunda takardarka ta nuna babu komai sai gwanda. Da ka ce akwai, Baba, da ba wanda ya isa ya taɓa layin farko."

A nan na gane ba don samari ko don unguwa ya tara mu a ƙofar masallaci ba. Kalma ɗaya yake nema daga bakina, na kuwa ba shi ita har da sa hannu.

Na roƙe ta kada ta faɗa wa jama'a. Ta ce a rahotonta dole ta rubuta gaskiya, amma a unguwa bakinta a rufe. Ta cika alkawari. Ranar Lahadi da hantsi aka kewaye wurin da buhuna aka ce gyara ake yi. Ni na fasa kankaren da guduma da kurfi, ban bar inji ya zo ba. Liman na tsaye, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Katakon ya ruɓe, ruwan kwata ya riga ya sami hanya ya shiga. Abin da ya rage bai cika sabon ƙyallen ba. Matar da nake tsokana da cewa ta fi ƙarfin gadonmu, na ɗauke ta a hannu biyu kamar jaririya. Motar aikin ce ta kai mu maƙabarta, injiniya na gaba ta rufe kanta da gyale. Can mahaifiyarku take yanzu, Liman ya san wurin, ni ma zan nuna muku in kun yarda ku tsaya kusa da ni.

An gyara lambatu, yana aiki har yau, ruwa bai ƙara shiga gidanmu ba. Kashi na biyu na aikin, wanda zai bi ta wajen unguwar Yakité, bai zo ba. Wasu sun ce rikici ne ya dawo, wasu sun ce masu kuɗin ne suka ga rahoto suka karkata wani gari. Ban sani ba. A unguwa dai an ce tudun Haladu ne ya kore shi, kuma duk daminar da ruwa ya ci gidajen can sai an ambaci sunana. Ba wanda ya sake ba ni ko ginin kaji, shi ya sa kuka dawo kuka same ni ina tura amalanke a kasuwa. Sau da yawa na so in tsaya bayan sallah in wanke kaina. Amma in na ce ni ba jahili ba ne, dole in faɗi ko ni mene ne. Na ga gara a ce ban iya awo ba da a ce na zuba wa matata kankare ranar Juma'a. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Saura abu ɗaya. Ranar da muka dawo daga maƙabarta ban shiga gida ba, na wuce sito da jar laka har gwiwa. Alhaji na zaune a barandarsa kan kujerar roba, ana auna wa wasu mutum biyu kwano.

"A'a, Magini! Daga ina haka duk laka?"

"Daga maƙabarta."

Ya dube ni, ya sallami mutanen ya ce su dawo anjima. Ni ma na jira har suka sha kwana, don har a lokacin ina tsoron a ji.

"Allah ya jiƙanta," in ji shi. "Haladu, abin da ya wuce ya wuce. Unguwa dai ta sami lambatu, kai ma ruwa ya bar gidanka. Shiga ka zaɓi bandir ɗaya ka rufe kicin ɗinka, ba sai ka biya ba."

Na ce masa:

"Riƙe kwanonka, Alhaji. Ban zo karɓar komai ba, ban kuma zo in ce kai kaɗai ne ba. Siminti ni na kwaɓa, ni na zuba, Allah zai tambaye ni kuma ba ni da amsa. Barandar nan ka san da me aka fanshe ta, da ƙashin Hajara da ƙugun Goggo Marka. Ka ci gaba da shan shayinka a kai. Abu ɗaya ne ba zan yafe maka ba har mu tsaya gaban Allah. Ka zauna ka dubi mazan layin nan ɗaya bayan ɗaya, kana neman wanda za a taka matarsa ya yi shiru. Ka zaɓe ni. Kuma ba ka yi kuskure ba."